Kwaɗayin Fiza da Lissafin Ciki: Jan Hankali ga 'Yan Kasuwarmu

Duk wanda ya saba bin hanyar nan da ta tashi daga Tcholliré ta ɓulla mararrabar Guidjiba, sannan ta miƙe zuwa Garwa, ya san irin tsarabar da matafiya kan dawo da ita gida. A da can burodi ne da alewa da ɗan ƙunshin kilishi. Yau kuwa an samu ƙari, domin sai ka ga fasinja ya ɗora wani faffaɗan kwali a cinya, yana kaffa-kaffa da shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Abin da ke cikin kwalin shi ake kira fiza, abincin Turawan Italiya da ya samu karɓuwa a wurin 'ya'yanmu, musamman tun bayan da Garwa ta karɓi baƙuncin wasannin cin kofin ƙwallon ƙafa na nahiyar Afirka a filin Roumdé Adjia a farkon shekarar 2022, lokacin da muka ga wuraren cin abinci irin na zamani sun ƙaru a garin.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne wata waya da aka bugo mana a shirin kiwon lafiya da muke gabatarwa a gidan rediyon al'umma. Mai bugowar wani Alhaji ne da ke saro kaya a Garwa yana kaiwa kasuwannin Touboro da Mbaiboum. Ya shaida mana cewa yaransa ne suka koya masa cin fiza, har ta kai duk saukarsa Garwa sai ya ci guda shi kaɗai. Ana nan sai aka auna shi a asibiti aka ce sukarin jininsa ya fara hawa, aka kuma umurce shi da ya rage ƙiba. Tun daga ranar ya yi wa fiza saki uku, amma wata 4 ke nan ma'auni bai motsa ba, ga shi kuma ransa na biyawa. Tambayarsa ita ce, shin shi da fiza har abada ke nan?

Muka ce masa, Alhaji, kafin mu yi maganar abin da kake ci sau ɗaya a wata, gaya mana abin da kake ci kullum. Da ya fara lissafowa, mu da shi duka sai muka gane inda gizo ke saƙa. Wannan lissafi ne muke son mu baje wa masu karatu a yau, domin mun tabbata akwai irinsa da yawa a rumfunan kasuwanninmu.

Mece ce fiza?

Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, fiza ƙullin fulawa ce da ake murzawa ta yi faɗi kamar faifai, a shafa mata markaɗaɗɗen tumatir, a barbaɗa cuku, a jera nama ko kifi ko kayan lambu, sannan a gasa ta a wuta mai ƙarfi. Asalinta garin Napoli ne da ke kudancin Italiya, inda ta kasance abincin talakawa da 'yan ƙwadago da ake sayarwa a bakin titi. Mutanen Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka su suka tafi da ita can, daga nan ta watsu a duniya. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu yin fiza na Napoli cikin jerin al'adun gado na duniya.

Wanda ya san gurasar Kano, musamman bandashe da ake yi wa ado da ƙuliƙuli da albasa da tumatir da man gyaɗa, zai ga cewa fiza ba baƙuwa ba ce can. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne cuku, kuma a nan nauyin yake.

Kalori, kuɗin da jiki ke kashewa

Ma'aikatan lafiya suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da ake kira kalori. Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin fahimtar wannan, domin daidai yake da littafin shiga da fita. Abin da ka ci shi ne kuɗin shiga, aiki da tafiya da numfashi su ne kuɗin fita. Idan shiga ta fi fita, jiki ba ya zubar da rarar, sai ya mai da ita kitse ya adana, galibi a tumbi.

Namiji baligi mai matsakaicin aiki yana buƙatar kalori kimanin 2,500 a yini, mace kuma kimanin 2,000. Giram ɗaya na sukari ko gari yana ba da kalori 4, haka ma giram ɗaya na sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake. Amma giram ɗaya na mai yana ba da 9. Saboda haka babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko man auduga na Diamaor da kamfanin Sodecoton ke yi, yana ɗauke da kalori wajen 120. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kuwa, mai nauyin giram 5, tana da 20.

Yanka ɗaya na babbar fiza mai cuku yana kai kalori 250 zuwa 300. Wanda ya ci yanka 4 ya haura 1,000, wato ya kusa cinye rabin kasonsa na yini a zama ɗaya. Haka kuma fiza tana da gishiri sosai, ta yadda yanka 3 kan kusa cika giram 5 ɗin nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a yini. Idan mutum yana son ya ƙone yanka ɗaya da tafiyar ƙafa, sai ya yi kusan awa guda yana sauri. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye ta ba.

Ɓarawon yana cikin gida

To, amma mu koma ga lissafin Alhajinmu. Ya ce da safe yana shan shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, ya haɗa da fanke, wanda a nan muka fi sani da makala. Da hantsi mai shayi ya sake kawo masa kofi, da la'asar ma haka, kuma kowane kofi ƙwayar sukari 4 ake jefa masa. Da rana idan zafi ya tsananta, kamar yadda kowa ya san zafin Garwa a watannin Maris da Afrilu, sai ya sha babbar kwalbar lemo mai sanyi. Da dare a tasha ga tsire da ƙarin mai da yaji, sannan in ya koma masauki ya ci tuwo.

Mu ɗauki abu biyu kawai daga ciki. Ƙwayar sukari 12 giram 60 ke nan, kalori 240. Babbar kwalbar lemo mai santilita 60 ita ma tana ɗauke da sukarin da ya kai giram 60 ko fiye, wato wasu kalori 240. Jimla 480 a kowace rana, ba a ma sa madara da fanke da man tsire ba. A wata guda wannan ya haura kalori 14,000, daidai da yanka wajen 50 na fiza. Alhaji ya hana kansa yanka 6 ko 8 a wata, alhali yana shanye 50 a kofi da kwalba bai sani ba. Ina ma'auni zai motsa?

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, in ma da hali a tsaya a 25. Alhajinmu yana shan 120. Abin takaicin kuma shi ne, sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, mutum zai shanye kwalba ya kuma ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Shi ma zoɓon da muke kira folere, wanda ganyensa ba shi da laifi, yawanci masu sayarwa kan cika shi da sukari har ya kamo lemon kwalba.

Abin da ya sa ya shafe mu

Iyayenmu fatake sun ci tuwo sun ci fura sun ƙoshi, amma da ƙafa suke ratsa daji a bayan jakuna da shanu. Mu kuwa mota ce ke ɗaukar mu daga ƙofar gida, babur ya kai mu rumfa, mu zauna a kan benci tun safe har magariba, ko kuɗi ma yanzu ta waya ake turawa. Cin bai ragu ba, sai ma ƙaruwa da ya yi da mai da sukari, amma motsin ya tafi. Hausawa kuwa sun ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda muke kallon ƙiba. A kasuwa tumbi alamar jari ne. Idan mutum ya rame sai a fara raɗe-raɗin ko ya karye ne, ko bashi ya yi masa katutu, ko wata muguwar cuta ce ta kama shi. Mata ma haka, amaryar da ba ta yi ƙiba ba sai a ce miji ba ya riƙe ta da kyau. Saboda tsoron bakin mutane, da yawa sun gwammace su riƙe tumbinsu.

Amma alƙaluma ba su san kunya ba. Wani babban bincike da aka fitar a watan Nuwamban 2024 tare da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa manya masu ciwon sukari a duniya sun haura miliyan 800, kuma daga shekarar 1990 zuwa 2022 yawansu ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 14 cikin 100. Ita kuwa ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya, IDF, wadda ɗan ƙasarmu Kamaru Farfesa Jean Claude Mbanya ya taɓa shugabanta daga 2009 zuwa 2012, ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da ita ba.

Ba sai mun je nesa ba. Wane ne a cikinmu bai san rumfar da aka rufe ba saboda mai ita ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko an yanke masa ƙafa, ko idonsa ya tafi? Ɗan kasuwa ba shi da fansho, ba shi da albashin jinya. Ranar da ya kwanta, ranar ciniki ya tsaya, sannan a fara cin uwar kuɗi ana jigila tsakanin Tcholliré da Garwa, wani lokaci har Yawunde. Jikin ɗan kasuwa shi ne jarinsa na farko, sauran duk a kansa suke tsaye.

Yadda za a ci fiza ba a yi asara ba

An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma abin da muka lura shi ne, wanda ya yi wa kansa haramcin dole kan daure mako 2 ko 3, rana ɗaya ya fashe ya ci ninkin abin da ya saba. Gara a yi wa kwaɗayi ƙa'ida da a yi masa gaba. Ga abin da muka tattaro daga bayanan ma'aikatan lafiya:

Na farko, fiza abincin tarayya ce, shi ya sa ake yanka ta. A saya guda a ci mutum 3 ko 4, kowa ya tsaya a yanka 2. Wannan kalori 500 zuwa 600 ne, daidai da cin abinci ɗaya na kirki. Aljihu ma ya huta.

Na biyu, a nemi mai siririn ƙulli, a ce a rage cuku, a ƙara tumatir da albasa da tattasai. Giram 100 na cuku yana kai kalori 300 zuwa 400, alhali giram 100 na tumatir bai wuce 20 ba. A zaɓi kaza ko kifi maimakon sarrafaffen naman nan mai kitse da gishiri. Kada kuma a ji nauyin tambayar wane irin nama aka sa, domin a wasu wuraren akan yi amfani da naman alade.

Na uku, kada a shiga wurin da baƙar yunwa. A fara da kwaɗon zogale ko na latas da kokwamba, ko a ci gwanda ko lemon zaƙi, a sha ruwa, sannan a ci fizar a hankali, domin ciki kan ɗauki ɗan lokaci kafin ya sanar da mutum ya ƙoshi.

Na huɗu, a raba fiza da lemon kwalba. Masu sayarwa sun fi son a haɗa su, amma ruwa ya wadatar.

Na biyar, fiza ta zama a madadin abinci, ba ƙari a kansa ba. Wanda ya ci ta da yamma, to tuwon dare ya wuce shi. Kuma ta zama ta marmari, sau ɗaya ko biyu a wata.

Ta gida ta fi sauƙi

Ga iyayenmu mata da yara suka dama da roƙo, ba sai an jira motar Garwa ba. Fizar da ta yi sa'o'i a cikin mota da zafin nan namu ma tana iya lalacewa ta ɓata wa yara ciki. Ana iya yin ta a gida da abin da ke kasuwar Tcholliré. A kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri da cokali ɗaya na mai, a bar ta ta tashi, a murza ta siririya da kwalba mai tsabta. A dafa markaɗaɗɗen tumatir da albasa da tafarnuwa har ruwan ya tsane. A ɗora ƙullin a kasko mai murfi a kan garwashi marar ƙarfi, in ƙasan ya gasu a juya, a shafa tumatir, a jera tattasai da albasa da alayyafo da gasasshen kifin Lagdo da aka cire wa ƙaya, ko tsokar kaza. A barbaɗa cuku kaɗan, in babu a marmasa awara ko a fasa ƙwai, a rufe a zuba 'yan garwashi a kan murfin har ta nuna. Mai girki ita ke da iko da man da gishirin, kuma a yi hattara da dunƙulen ɗanɗano, domin kusan rabinsa gishiri ne.

Gyaran gaske yana rumfa da tasha

Duk da haka, kamar yadda lissafin Alhaji ya nuna, babban gyaran a cikin abincin kullum yake. Wanda ya saba da ƙwayar sukari 4 ya koma 3 na mako biyu, sannan 2, sannan 1. Harshe yana sabawa, sannu ba ta hana zuwa. Lemon kwalba ya zama na ranar suna ko biki. Maimakon fanke kullum, a riƙa sauyawa da dafaffen wake ko alale ko dafaffen ƙwai. Idan za a sayi tsire, a zaɓi tsoka, a ce wa mai nama kada ya ƙara mai. Gyaɗa tana da amfani, amma giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka cikin tafin hannu ya isa, ba a ajiye kwalba a gaba ana ta watsawa har la'asar ba. Fura da kindirmo da dakkere ba su da laifi in ba a cika su da sukari ba.

Miyanmu na gado, irin su kuka da yakuwa da kuɓewa da lalo da tafasa, duk abin alfahari ne, sai dai a rage man da ke yawo a kansu. A faranti kuma a rage malmalar tuwo a ƙara miya da ganye. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar cin giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, da kuma motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Wanda ya bar babur ya taka daga gida zuwa kasuwa ya dawo, ya biya wannan bashi ba tare da ya kashe ko dala ba.

Wani hanzari ba gudu ba, wannan jan hankali ba ga kowa yake ba. Ɗan dako da ke sauke buhunan masara da gyaɗa a kasuwar Ngong, da manomin auduga, da mai tura kura, suna ƙone abin da mai zaman rumfa ba ya ƙonewa, don haka suna buƙatar ci sosai. Haka mata masu juna biyu da masu shayarwa da ƙananan yara, waɗanda a yankinmu matsalar da yawansu ƙarancin abinci mai gina jiki ce. Kada wani maigida ya fake da wannan rubutu ya rage kuɗin cefane.

A je a auna

Ciwon sukari da hawan jini kan daɗe a jiki ba su yi magana ba. Idan mutum ya ga yawan fitsari, musamman da dare, ko ƙishirwa marar yankewa, ko kasala, ko rama ba dalili, ko gani dishi-dishi, ko miki da ya ƙi warkewa, to ya hanzarta zuwa asibiti. Wanda ma bai ji komai ba, in ya kai shekara 40 ko akwai mai cutar a danginsa, ya riƙa aunawa lokaci-lokaci. Idan awon sukari kafin karin kumallo ya kai giram 1.26 a lita, ko awon jini ya kai 14 bisa 9, aka sake aunawa aka ga haka, to magana ta koma hannun likita. A gida ma ana iya karɓar awon tela a zagaya ciki daidai cibiya. Namijin da ya kai santimita 94 da macen da ta kai 80 su fara taka-tsantsan.

Wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar, shi likitansa ne zai faɗa masa abin da zai ci da yawansa, ba mu ba. Muna kuma roƙon jama'a da kada su ajiye maganin asibiti saboda alƙawarin masu tallar magani a mota da lasifika, waɗanda gobe ba za a gan su a kasuwar ba.

Alhajinmu ya sake bugo waya bayan wata 3. Ya ce ya koma ƙwaya ɗaya a shayi, ya bar lemon kwalba, yana takawa zuwa rumfa, har ya kai wandunansa wurin tela an rage masu ƙugu. Abokan ciniki sun fara tambayar ko lafiya, shi kuwa sai ya ce masu kaya ya sauke. Ranar da ya je Garwa ya zauna da 'ya'yansa 3 da ke karatu a can, suka sayi fiza guda, ya ci yanka 2 ya sha ruwa, ya tashi ya bar masu sauran.

Ranar 14 ga watan Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Muna kira ga shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan tasha na Tcholliré da Touboro da Mbaiboum da Madingring da su haɗa kai da ma'aikatan lafiya a riƙa kawo awo har cikin kasuwa, domin ɗan kasuwa ba ya son barin rumfa. Mu kuma kowa ya buɗe wa cikinsa littafi kamar yadda ya buɗe wa shagonsa. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.